Akwatin Kallo Na Neman Sunan Malam

Tun da Baba ya rasu, akwatin kallon falonmu yana nan yadda ya tsara shi: labaran duniya a sama, dambe na biye, tafsirin da Inna ke so kuwa can ƙarshen jerin tashoshin, sai an yi ta gangarawa. Ni dai so nake in dawo mata da shi farko, shi ke nan.

"Yi haƙuri, Hansatu," in ji akwatin. "A doka, matar marigayi ce kaɗai ke canza jeri. Ta faɗi sunansa."

"Inna, don Allah faɗi mu huta."

"Malam," ta ce.

"Ba a gane ba."

"Baban yara."

"Ba a gane ba."

Na dafe kai. "Haba Inna, na'ura ce fa! Ba surukarki ba ce!"

"'Ya'ya bakwai na haifa a gidan nan ban taɓa kama sunansa ba, sai yau don akwati? Bar shi. Damben ma kallo ne."

Na miƙe zan zare wayar wuta, sai akwatin ya sassauta murya.

"Hajiya, ba sai kin maimaita ba. Kin kira sunan ranar da aka fita da gawarsa, a uwar ɗaka, ke kaɗai. In yi amfani da wannan?"

Inna ta dubi ƙofar ɗakinta, inda ko rediyo babu. Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Zare shi, Hansatu."