Ranar Ƙarshe ta Lilon Baba

Kamfanin da ke ɗaukar nauyin babban lilon nan mai juyawa sama da mutane a wurin wasanmu na Birmingham ya durƙushe, gobe za a kwance lilon. Shekara goma sha tara Baba yana kunna shi.

"Baba, wannan haƙurin naku ya ishe ni! Mu tara sa hannun jama'a mu kai wa hukumar gari."

"Uwata, an riga an sayar da ƙarfen."

Ya miƙa wa abokin aikinsa makulli, ya ja ni muka shiga lilon muka zauna. Muna tashi sama na ga idonsa a rufe gam.

"Ban taɓa hawa ba, mai kunnawa ba ya barin ƙasa. Riƙe ni, ki gaya mini abin da yaran suke gani."