Fasfon Iliyasu Dabo

Sabo tela ya ɗora tef a kafaɗar Buba ya faɗi awo, sai Alhaji Dabo ya ce ya ƙara inci biyu. Ya auna tsawon wando, Alhaji ya ce ya ƙara uku.

"Haba Alhaji, ai sai yaron ya nutse a ciki," in ji Sabo.

"Ingila za shi, inda ake cin man shanu safe da yamma. Kai dai ɗinka kwat."

Buba ya yi ta dariya. A daminar 1975 komai dariya yake ba shi. Cikin ɗalibai ɗari huɗu na makarantar kwana da ke Birnin Kudu, shi kaɗai aka zaɓa ya je Ingila musayar ɗalibai ta shekara guda. Takardar ta iso daf da hutu, da sunansa na rajista ɓaro-ɓaro: Iliyasu Dabo. A Fagam kuwa ba wanda yake kiransa haka. Buba ne, ɗan marigayi makiyayin shanun Alhaji, wanda Alhaji ya ɗauko daga ruga yana ɗan shekara shida ya sa shi a boko.

Kai, Alhaji ya yi ɗawainiya! Mutumin da bai taɓa leƙa makarantar ba ko ranar ziyara, ga shi ya bar gona da ciyawa yana zarya a mota. Ya karɓe takardun duka ya zuba a aljihun babbar riga, ya ce yaro ba ya riƙe takardar gwamnati.

Ko'ina za su, da Maikuɗi ake tafiya, ɗan farin Alhaji. Ya ci sunan kakansa na wajen uwa, don haka a gidan ba mai kama sunansa na yanka. Dogo ne, ga jiki, ga son barci. Sai da ya yi ƙato, Alhaji ya ga 'yan boko suna dawowa gari da motoci, sannan ya kai shi wata makaranta a Kano, inda ya shekara biyu a aji ɗaya.

A wurin mai hoto, Alhaji ya ce a ɗauki kowa nasa, don tarihi. A asibiti, da aka zo allurar shawara, ya ce a yi wa su biyun, ai rigakafi ba ya ɓaci. Da yamma kuma a zaure ya sa Buba ya riƙa gwada Turancinsa a kan Maikuɗi: yadda ake gaisuwa, yadda ake riƙe cokali mai yatsu, abin da za a ce wa ma'aikacin filin jirgi.

"Maimaita masa, kai ma ya zauna maka," in ji Alhaji.

Da yake babu takardar haihuwa, sai da aka je kotu rantsuwar shekaru. Alhaji ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

"Iliyasu ɗana ne na cikina."

Buba ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo masa. Shekara goma sha ɗaya yana cin tuwon gidan nan a bakin ƙofa, bai taɓa jin an kira shi ɗa ba sai ranar. Wallahi da Alhaji ya ce ya faɗa rijiya a lokacin, da ya faɗa.

Akwatin ƙarfe ya cika. Kwat, rigar sanyi, takalmin da ya yi masa yawa har sai ya cusa takarda a baki, kilishi, da tabarma 'yar ƙarama da zai kai wa mutanen gidan da za su sauke shi. Fasfo ne kawai bai gani da idonsa ba. Alhaji ya ce yana Kano wurin masu shirin, a filin jirgi za a miƙa masa ranar Asabar.

Ranar Talata Alhaji ya kira shi.

"Je ka Gwaram ka yi sallama da mahaifiyarka. Kada ka yi mata gaggawa, ka kai Juma'a."

Mahaifiyarsa Hapsatu ta yanka masa zakara. Ta zagaya da shi ruga-ruga, tsofaffi suna shafa kansa, suna tambaya ko a can ma ana kiwo. Ta ƙulla masa garin kuka a tsumma, ta ce kada ya manta salla.

Juma'a da hantsi ya sauka a Fagam. Ya shiga ɗaki, ba akwati, sai shatinsa a ƙasa. Ya duba ƙusar da aka rataye kwat, wayam. Matan gida suka amsa gaisuwarsa ba tare da sun ɗago kai daga turmi ba. Ya tambayi Maikuɗi, wata ta ce ya yi tafiya.

Ya fito da gudu ya tarar da Alhaji a rumfar ƙofar gida, wanzami yana yi masa aski.

"Alhaji, ina akwatina?"

"Ya tashi jiya da la'asar."

Nan take Buba ya gane, kuma bai taɓa jin ɗaci irin wannan ba. Da ɓarawo ne ya shigo ya ɗauka, da sauƙi. Amma mutumin da ya yi wa kuka a gaban alƙali!

"Ni na yi karatun, ni na ci jarrabawar," in ji Buba. "Zan je wurin shugaban makaranta. Sunana ne a takardar!"

Alhaji ya ɗaga wa wanzami hannu ya dakata, ya dubi Buba sama da ƙasa, ko kunya babu a idonsa.

"Sunanka? Iliyasu sunan Maikuɗi ne na yanka. Ranar da masu kamun boko suka rubuta shi, kai muka tura a madadinsa don kada a lalata mana ɗa, yanzu kuwa da abin ya yi kyau, mai suna ya karɓi abinsa."