Fatar Jar Akuya

"Lawwali, kai ka ɗauke mani fata!"

Gwaggo Suwaibatu ta tare gaban motar fatu a kasuwar Mairuwa, ta rantse ko taya ɗaya ba za ta juya zuwa majemar Kano ba. Da hannunta ta shafe fatar nan da gishiri ta shanya bayan rumbu, masu tara wa Lawwali fatu suka haɗa da ita.

"Haba Gwaggo, fatu mota guda, ya za ki gane taki?"

"Kwance dai! Ja ce, da farin tabo a gadon baya kamar tafin hannu."

Aka kwance, wari ya tashi, ƙudaje suka samu biki. Can sai ga ta. Gwaggo ta ɗaga ta sama don kowa ya shaida.

Maƙwabciyarta Shafa'atu, wadda ta gaji da cigiyar akuyarta, ta dafe ƙirji.

"Gwaggo! Wannan ai akuyata ce!"

Gwaggo ta naɗe fatar ta soke a hammata.

"Madalla, mai ita ta fito. Waken da ta cinye mani a gona fa? Amsa mani, Shafa'atu!"