Direban Jirgin Wata

Uwaisu ne ke murɗa rediyon Lawal tela duk Lahadi bayan la'asar, da hagu kuwa, don bahago ne. Shekara biyu ke nan da samun 'yancin kai, kuma duk unguwarsu a Makarfi rediyon nan ne kaɗai. Zo ka ga mutane, wasu har kan katanga.

Wani sabon wasa ne ya tara su, "Jirgin Wata". Wai manoma ne suka ƙera jirgi da kwanon rufi, kowa ya kifa hular ƙarfe, suka tafi wata neman fadamar rake. Dattawa suka ce shirme ne. Shirmen dai bai taɓa wuce su ba.

Uwaisu kam ba a magana. Marubucin wasan, wani Malam Gidaɗo da ba wanda ya taɓa gani, shi ne gwaninsa duk duniya. Ko tuwo yake ci sai ya kawo zancensa.

To ga inda gizo ke saƙa. Sunayen cikin wasan duk na gida ne. Akwai Tanko mai zuba wa jirgi kananzir, akwai Lawal mai ɗinkin rigunan sama, har da Hajo mai fura, sunan ƙanwar Uwaisu. Jarumin ne kaɗai ba suna, Direba kawai ake ce masa, shi da ya kauce wa tauraro mai wutsiya da hannun hagu yana shan rake da dama.

Tanko, taubashin Uwaisu, ya samu abin yi. "Kai da gwanin naka, ko akuyar jirgi ba a sa wa sunanka ba!"

Aka kwashe da dariya. Zuciya ta ɗebi Uwaisu. "Malam Gidaɗo mutumina ne, wasiƙa muke yi. In wasan nan ya ƙare ba ku ji sunana ba, in kifa tukunya a ka in zaga kasuwa!"

"Kun dai ji," in ji Tanko. Kowa ya ji.

Ranar ya fara rubuta wa Malam Gidaɗo wasiƙa, ba ji ba gani. Kawunsa Ja'afaru masinja ne a gidan rediyo a Kaduna, duk mako biyu yake zuwa gaida yayarsa, Inna Ummulhairi, mahaifiyar Uwaisu. Shi ne Uwaisu ke danƙa wa wasiƙun. Kawu ya karɓa, ya yi wani murmushi, ya shige ɗakin Inna su daɗe suna ƙus-ƙus.

Ita Inna ba ruwanta da rediyo, matan unguwa take koya wa karatu. Iyaka ta leƙo ta ce, "Hajo, gaya wa wancan takarda ta ƙare." Wancan ya hau keke ya sayo.

Wasiƙa bakwai, ba amsa. Aka sa sunan Indo a wasan, aka sa na Mero, akuyar ma ta samu suna, Azumi.

Lahadin ƙarshe Uwaisu ya manna kunne a jikin rediyo. Direba ya sauko da jirgi lafiya, aka yi guɗa, Sarkin Wata ya tambayi sunansa. Sai wata tsohuwa a wasan ta ce, "A bar shi, Allah ya yi masa albarka." Kiɗa ya tashi. Shi ke nan.

Ranar kasuwa tun hantsi Tanko na ƙofar gida da makaɗi. Uwaisu ya shiga neman tukunya. Na madafa duk baƙaƙe ne, sai ya jawo wata sabuwa daga ƙarƙashin gadon Inna. Nauyi ya ji. Ya buɗe.

Wasiƙunsa ne, duk bakwai. Ƙarƙashinsu takardun da yake sayowa, cike da ajami, rubutun Inna, ga jirgi, ga wata, ga akuya. Duk inda sunan jarumi ya kamata ya fito, fili aka bari, Kawu ya cike da fensir: Direba.

Ya ɗago, ga Inna a bakin ƙofa. Ba ta dube shi ba, sai ta dubi Hajo.

"Ce wa wancan ya ajiye min takarduna. Ina ya taɓa jin uwa ta kama sunan ɗanta na fari?"