Sayayyar Liverpool

Ma'aikacin jirgin ruwan da zai koma Dublin ya ƙwanƙwasa gilashin motar, ya ce kowa ya hau sama, ba a zama wurin motoci in jirgi ya tashi. Nuala ba ta yi musu ba. Ta zagaya baya, ta kwance bel ɗin da ta ɗaure wata kula da shi, ta rungume kular. 'Yarta Orlaith ta biyo ta a hankali, tana dafa ƙarfen matakala.

Cikin kular akwai ledojin wake masu ƙanƙara da suka saya da safe. Tsakiyar ledojin akwai ɗan farin akwati. Cikin akwatin akwai Fintan, jikan Nuala.

Likitocin Dublin sun ce ba shi da ƙoda, ko an haife shi ba zai rayu ba. Sun kuma ce muddin zuciyarsa na bugawa doka ta ɗaure musu hannu, sai dai Orlaith ta riƙe cikin har ƙarshe, mutane na tare ta a hanya suna tambayar yaushe ne. Shi ya sa suka haye Ingila, inda doka ta yarda a cire cikin. Mijin Orlaith ya zauna gida wurin shanu don kada a yi tambaya. A gida an ce sayayya suka tafi Liverpool. Haka duk mai irin wannan tafiya ke cewa.

Abu biyu Nuala ta sa a ranta. A garinsu ba a barin mamaci shi kaɗai kafin a binne shi, ko na ƙiftawar ido, kuma ba za a fara a kan Fintan ba. Na biyu, kada wani ɗan garin ya sani. In sun isa sai a ce ɓari ne.

Suka sami kujera a lungu. Ruwan teku launin toka. Ba wanda ya yi kuka, wannan an gama shi a asibiti.

"Kai, Nuala! Ke ce haka kamar an jiƙa kaza?"

Concepta ce, maƙwabciyarsu. Ita ke tsayawa ƙofar coci duk Lahadi tana raba takardu masu hoton jarirai. Ita ta haɗa motar da ta kwashi matan unguwa zuwa zanga-zangar kare dokar hana zubar da ciki, Nuala ma ta je, har ta riƙe mata allo. Duk garin sun san Concepta ba ta fashin sayayyar Liverpool duk Nuwamba.

Ta zauna ba a ce ta zauna ba. Ƙaramar jaka ce kawai a hannunta. Gwiwoyin wandonta duk ƙasa.

"Ina kayan naku? Ko kun je kallon kanti ne kawai?"

"Suna mota," in ji Nuala. "Ke fa, sarkin sayayya?"

"Ban ga abin kirki ba. 'Yan Ingila sun lalace."

Idon Concepta ya sauka kan kular, ya wuce kan cikin Orlaith, ya koma teku. Ba ta tambaya ba. Ta shiga labarin sabon fada mai wa'azi kamar yana tauna burodi. Nuala tana cewa i, tana cewa a'a. Hannunta na kan murfin, kuma ta ji gefen kular ya fara gumi.

Jirgi ya yi nisa sai Orlaith ta kama hannun uwarta.

"Mama. Jini."

Fuskarta ta yi fari fat. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Banɗaki na can ƙarshen falon, kuma hannu biyu ba za su ɗauki mace da kula tare ba. Nuala ta dubi 'yarta, ta dubi kular. In ta bar ta kan kujera kamar kayan miya, ta bar shi shi kaɗai. In ta ce a zauna da shi, ta faɗi ko wane ne.

"Je ki," in ji Concepta, ba ta ɗago ba. "Ina nan."

Nuala ta tafi. Ta wanke 'yarta, ta canza mata, ta riƙe mata goshi har jirin ya wuce. Tana yi tana jin yadda maganar za ta zaga coci kafin Lahadi. Ba ta ji tsoro ba. Ba ta ji komai ba.

Da suka dawo, kular na kan cinyar Concepta, ta lulluɓe ta da kwat ɗinta. Carbi na hannunta, bakinta na motsi. Kan tebur ga ledojin waken da suka narke an jera su gefe, ga bokitin ƙanƙara wanda aka kwashe rabinsa.

An buɗe kular ke nan.

Orlaith ta zauna kamar an yanke mata igiya. Nuala ta tsaya a tsaye.

"Ƙanƙarar wake ba ta kai Dublin," in ji Concepta. "Na aika a karɓo ƙanƙara wurin masu shayi. Ban tashi ba, kada ki damu. Wane suna aka sa masa?"

"Fintan," in ji Orlaith.

Concepta ta yi alamar gicciye kan murfin, ta ƙarasa addu'arta, ba gaggawa. Can lasifika ta ce masu motoci su fara sauka. Concepta ta miƙe, ta sa kular a hannun Nuala, ta gyara kwat ɗin a kai. Jakarta ta buɗe da ta sunkuya, Nuala ta hango ƙaramin cebur na shuka fure, da sauran ƙasa a bakinsa.

"Concepta, don Allah..."

"Rufe bakinki, 'yar uwa, ki kai shi gida." Ta kaɗe ƙasar gwiwarta, ta rataya jakar. "Ke kin samu kin dawo da naku. Tawa can na baro ta, ita nake zuwa share wa kabari duk Nuwamba."