Fam Shida na Fabrairu

Ranar ɗaya ga kowane wata, kafin ma ya ɗora ruwan shayi, Clifford Ackroyd kan tabbatar akwai fam shida a katinsa. Irin katin nan ne da sai ka zuba masa kuɗi kafin ka kashe, shi kaɗai aka yarda a ba mutumin da kotu ta ce jarinsa ya karye. Kamfanin katin kan cire fam shidan duk wata, ya rubuta cewa Clifford ya biya a kan kari.

Wata goma sha biyu ba fashi, abin da ofishin kasuwar garin ya nema ke nan kafin a ba shi hayar rumfa ya koma gasa burodi. Fashi ɗaya, a ba wani.

Duk Juma'a yana shan shayi da Norman Haigh, mai sayar da fulawa, wanda buhu arba'in ɗinsa suka nutse tare da tsohon gidan burodin Clifford. Kotu ta yafe wa Clifford bashin. Bakin Norman kam bai yafe ba.

"Attajiri, ina fulawata?" Gaisuwarsa ke nan.

"Tana cikin mutanen gari, je ka tambaye su."

Wata rana Norman ya fizge katin, ya ɗora tabarau, ya juya shi gaba da baya yana ƙare wa lambobin kallo. "Da furfurarka kana yawo da katin yara. Jikata ma tana da irinsa."

Clifford ya yi dariya har da tari. Tsiyar Norman ta fi masa tausayin sauran mutane daɗi.

Ƙarshen Janairu mura ta kayar da shi, kwana tara bai san inda kansa yake ba. Da ya miƙe, biyar ga Fabrairu ce. Ya ja jiki zuwa shagon bakin layi ya sa aka duba katin. Kwabo arba'in ne, daidai yadda ya bar shi. Ke nan an zo cira ba a samu ba.

Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da zuba kuɗin don kunya kawai. Takardun kamfanin kuwa aljihun tebur yake jefa su a rufe, don tun lokacin kotu hannunsa ya daina buɗe ambulan.

Ranar da aka kira shi ofishin kasuwa ya sa kwat ɗinsa na coci, wai ko za a kore shi a kore shi da mutunci. Ya kwashi ambulan ɗin ya miƙa wa Misis Brearley, mai kula da rumfuna. Ta farke su ɗaya bayan ɗaya tana kwatantawa da na'urarta, shi kuma yana shirya jawabin mura a zuci.

"Sha biyu cif," ta ce. "Rumfa ta tara taka ce. Kusa da mai kifi take, sai haƙuri da ƙarni."

"Ranki ya daɗe, ki sake duba Fabrairu."

"Yau ga mutum yana roƙon a kama shi." Ta juyo masa takardar.

Ya bi layin da ɗan yatsa. Ɗaya ga Fabrairu an cire fam shida. A samansa, talatin da ɗaya ga Janairu, fam shida sun shigo daga asusun N. Haigh, kuma a gurbin bayani an rubuta: "Tashi ka buɗe, wa zai sayi fulawata?"