Mai Hoto a Gindin Ƙarfen Sabis

Tunda kai a wurinka duk wanda ya janye jiki daga inda ake hayaniya matsoraci ne, gyara zama ka ji wannan.

A wani gari na bakin gulbi, shekarar da ruwa ya yi ambaliya ya shanye fadama, wani masunci ya fita da sassafe duba komarsa. Hantsi ya yi sai ga kwalekwalensa ya dawo a kife, shi ko alamarsa babu. Aka shiga ruwa aka fita, ba a ga ko hularsa ba. Fadama ta zama gulbi guda, ba wanda ya san ta inda za a fara. Can wani ya tuna akwai baƙo a gari, mai ɗaukar hoton biki da ya zo ɗaurin aure ya kwana, yana da ɗan jirgin nan marar matuƙi da ke tashi sama yana leƙo mutane. Aka taso shi. Ya ce zai gwada, amma batir ɗaya ya rage masa, shi ma biki ya ci rabinsa, garin kuma ba wutar caji. Tashi ɗaya ne, in an gani an gani.

To, mutanen garin nan abu ɗaya suka riƙe game da kayan zamani: in waya ta ƙi ji, a hau tudu a je gindin ƙarfen sabis. Can suke kiran 'ya'yansu na birni, can suke jin farashin busasshen kifi. Don haka suka tasa mai hoto gaba har gindin ƙarfen, suna cewa ai nan jirginsa zai fi jin magana. Bai musa ba, wurin da tsayi, ana hango ruwa. Gari ya kewaye shi, kowa da waya a kunne, wannan na sanar da dangi, wancan na ta buga lambar masuncin, wayar da tuni ta sha ruwa ta ƙoshi.

Jirgi ya tashi lafiya lau ya nausa kan fadama. Bai yi wani nisa ba hoton ya fara yayyankewa, daga nan ya daskare. Mai hoto ya danna rimot dama, sai can jirgin ya amsa kamar mai nauyin kunne. Ya sake dannawa, shiru. Jirgi ya tsaya cak a sama, iska na jan sa, batir na tsiyaya. Gumi ya karyo masa. Jirgin nan shi ne abincinsa, amma ba shi yake ji ba. Matar masuncin ce tsaye a gefensa da goyo a baya, ba ta kuka, ta dai kafe hannunsa da ido.

Mutumin nan a gidan biki ya ci rabin rayuwarsa. Ya san in kana tsaye jikin lasifika, ko uwarka ce ke ƙwala maka kira daga ƙofar gida ba za ka ji ba. Tana ɗaga murya, abin da ke jikin kunnenka ne ya fi ta ƙarfi. Ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen. Rimot da jirgi ta iska suke magana, da 'yar murya siririya, shi kuma ya kawo su ya tsayar a bakin ƙaton da ke amsa wa gari duka a lokaci guda.

Bai tsaya bayani ba, batir ba ya jiran bayani. Ya ratsa taro ya gangara a guje, ya nufi masussuka, wani fili fetal a gefen ruwa, nesa da tudun. Tsautsayi, can ne ya kafe babur ɗinsa. Sai ihu ya tashi a bayansa: "Ga shi can zai tsere! Ɗan birni, dama hoton amarya kawai ka iya!" Wani ma hoge ya wurgo masa, ya same shi a kafaɗa. Bai waiwaya ba.

Yana kaiwa tsakiyar fili hoto ya dawo tar. Ya danna dama, jirgi ya yi dama. Ya saukar da shi ƙasa ƙasa yana bin itatuwan da ruwa ya kai musu wuya. Matar ce ta fara cim masa, tana haki, ta leƙa ta kan kafaɗarsa. "Malam, tsaya. Koma baya kaɗan. Jan ƙyallen can, ni na yi masa faci da shi a riga." Ga mutum maƙale a reshen giyayya, hannu ɗaya rungume da itace, ɗayan yana ɗaga wa jirgi. Sai a lokacin ta zube ta fashe da kuka.

Masu kwalekwale suka bazama, kafin azahar masunci na kwance a ɗakinsa ana gasa masa jiki. Jirgi kuwa da ƙyar ya kawo bakin ruwa ya dira cikin laka. Masu zagin nan su ne suka wanke shi da bakin rigunansu, mai jifa da hoge shi ya kawo fura, yana cewa shi dama tun farko ya ga alamar yaron ya san abin da yake yi. Mutane ke nan.

Da ya tsaya a gindin ƙarfe don gudun a kira shi matsoraci, da sai dai a yi zaman makoki. Shi ya sa Hausawa suka ce, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.